SAITIN ƘAFAR MOTA: NA FAGEN TSERE DABAN, NA TITI DABAN

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata al'ada da ta daɗe da samun gindin zama a tsakanin masu sha'awar tuƙi. Mutum ne, ko akawu ko malamin makaranta ko injiniya, zai mallaki ƙaramar mota mai kujera biyu, irin wadda aka ƙera musamman don gudu da shan kwana, ya riƙa zuwa wurin aiki da ita daga Litinin zuwa Jumma'a. Ran Asabar kuwa sai ya biya kuɗi ya shiga fagen tsere, inda babu mota mai tahowa daga gaba, babu kuma mai tsallaka hanya, ya gwada ƙarfinta iyakar iyawarsa. Da yamma ta yi kuma ya sake hawa titi da ita ya koma gida.

Fagen da ya fi suna wajen wannan al'ada shi ne na Nurburgring, a cikin duwatsun Eifel na ƙasar Jamus, wanda aka buɗe a 1927. Zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8, yana kuma da kwana fiye da 70. A ranakun da aka keɓe wa jama'a, duk mai motar da ke da izinin hawa titi yana iya sayen tikiti ya shiga. To, amma fa motar da za ta yi waɗannan ayyuka biyu tana fuskantar wata matsala wadda ido bai cika gani ba, wato yadda za a saita ƙafafunta. Saitin da ke ba ta riƙo a kwana shi ne mai cinye mata taya a miƙaƙƙiyar hanya, wanda ke tsawaita ran taya a titi kuwa shi ne mai sa gefenta ya ƙone a fage. Masu iya magana dai sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

INDA MOTA KE TAƁA ƘASA

Duk girman injin mota da tsadar birkinta, wuraren da take taɓa ƙasa huɗu ne kacal, kowanne kuwa bai fi tafin hannun babban mutum ba. Ta waɗannan wurare ne ƙarfin inji ke sauka, ta nan birki ke kamawa, ta nan kuma sitiyari ke juya mota. Idan taya ta zauna daram, fuskarta duka tana manne da kwalta, riƙonta ya cika. Idan kuwa ta karkace ta tsaya a kan gefe ɗaya, riƙon ya ragu, gefen nan kuma shi kaɗai zai ɗauki zafi da nauyi.

Abin da makanikai ke kira alaimen, wato saitin ƙafa, bai wuce daidaita kusurwoyi uku ba waɗanda ke nuna yadda taya ke zaune a jikin mota. Ana auna su da digiri ko milimita, ƙanana ne ƙwarai. Ga taya mai tsayin santimita 60, karkacewar digiri ɗaya na nufin samanta ya goce daga ƙasanta da wajen santimita ɗaya kurum. Amma wannan ɗan abu ya isa ya sauya halin mota sarai.

KUSURWA TA FARKO: KAMBA

Kamba ita ce kishingiɗar taya. In mutum ya tsaya a gaban mota ya dubi tayoyinta, zai ga ko dai sun tsaya kyam, ko kuma kawunansu sun karkato ciki wajen jikin mota, ƙasansu ya ware waje kamar ƙafafun mai gwame. Wannan ita ce kishingiɗa ciki. Akasinta, inda kan taya ke karkata waje, ita ce kishingiɗa waje.

Dalilin da ya sa masu tsere ke son kishingiɗa ciki a bayyane yake. Yayin da mota ta shiga kwana da gudu, jikinta yakan rinjaya waje, yawancin nauyinta ya koma kan tayoyi biyu na wajen kwanar. Tayar da ke tsaye kyam a miƙaƙƙiyar hanya sai ta naɗe ta hau kafaɗarta ta waje. Amma idan tun farko an kishingiɗar da ita ciki, rinjayar nan ita ce za ta miƙar da ita, ta zauna daram daidai lokacin da aka fi bukatar riƙonta. Saboda haka motar da ba ta da wani aiki sai tsere akan ba ta digiri 2.5 zuwa 3, wani lokaci ma fiye. Motar gida kuwa yawanci ba ta kai haka ba.

A titi lamarin ya juya. Yawancin tafiyar yau da kullum miƙaƙƙiya ce, kwanar da ake sha kuma ba da gudu ba ne. Tayar da aka kishingiɗar da yawa za ta yi dubban kilomitoci a kan kafaɗarta ta ciki, birki ya ɗan rage kamu, motar kuma ta riƙa bin duk wani kwarin da manyan motoci suka bari a kwalta.

Ko a wurin ƙwararru ma akwai iyaka. A tseren Formula 1 da aka yi a fagen Spa na ƙasar Beljiyam cikin watan Agusta na 2011, kamfanin taya na Pirelli ya ba da shawarar kada kishingiɗar tayoyin gaba ta wuce digiri 4. Ƙungiyar Red Bull ta zarce wannan iyaka, sai kafaɗun ciki na tayoyinta suka yi ƙuraje saboda zafi. Direbanta Sebastian Vettel ya ci tseren duk da haka, amma daga tsere na gaba, wanda aka yi a Monza ta Italiya, an rage iyakar, aka kuma tilasta bin ta. A Amurka kuwa, a tseren NASCAR da ake yi a filaye masu siffar ƙwai inda hagu kaɗai ake juyawa, tayar gaba ta dama kan kishingiɗa ciki, ta hagu ta kishingiɗa waje. Irin wannan mota ba ta tuƙuwa da daɗi a titi ko kaɗan, domin an yi saitinta ne don kwana iri ɗaya tak.

KUSURWA TA BIYU: KASTA

Kasta ta shafi tayoyin gaba ne kawai. Duk wanda ya lura da keke zai ga ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba bai tsaya a miƙe ba, samansa ya kwanta baya wajen mahayi. Wannan kwanciya na cikin abubuwan da ke sa yaro ya saki hannu keke ya ci gaba da tafiya sosai. Haka yake ga mota. Layin da taya ke juyawa a kansa in an murza sitiyari ya kwanta baya, shi ya sa sitiyari ke komawa tsakiya da kansa bayan an fita daga kwana.

Ga mai mota mai aiki biyu, kasta ita ce kusurwar da ta fi sauƙin sha'ani. Idan aka ƙara ta, duk sa'ad da aka murza sitiyari tayar wajen kwana takan sami ƙarin kishingiɗa ciki, da zarar an miƙe kuma ƙarin ya ɓace. Wato ana samun amfanin a kwana ba tare da an biya shi a miƙaƙƙiyar hanya ba. Abin da ake biya kurum shi ne nauyin sitiyari, musamman a motar da ba ta da na'urar sauƙaƙa shi. Sharaɗin dai shi ne hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya.

KUSURWA TA UKU: TSUKEWA DA BUƊEWA

Kusurwa ta uku daga sama ake ganinta. Idan goshin tayoyi biyu ya fi kusa da juna fiye da ƙeyarsu, an ce sun tsuke. Idan goshin ya fi nisa, sun buɗe. 'Yar tsukewa kaɗan na sa mota ta natsu a miƙaƙƙiyar hanya. 'Yar buɗewa a gaba na sa ta faɗa kwana da hanzari, abin da masu tsere ke so, amma a titi sai ta zama mai rawar kai, direba bai isa ya ɗauke hankalinsa daga sitiyari ba. A baya kuwa buɗewa haɗari ce, domin bayan mota zai nemi zamewa ya wuce gabanta a tsakiyar kwana ko lokacin taka birki.

Mutane da yawa kan ɗora wa kamba laifin cin taya, alhali wannan kusurwa ta uku ta fi ta ɓarna. Ɗalibin da ya yi lissafi a makarantar sakandare yana iya tabbatar da haka da fensir. A ɗauki tayoyi masu tsayin milimita 600, waɗanda aka tsuke da milimita 3 a jimlace. Kowace taya ta kauce da milimita 1.5 ke nan a cikin 600, wato milimita 2.5 a kowace mita ɗaya ta tafiya. A kilomita ɗaya taya za ta nemi kauce wa hanyar da mota ta dosa da mita 2.5, a kilomita 10,000 kuwa jimlar ta kai kilomita 25. Laushin roba yakan shanye kaɗan daga wannan, shi ya sa 'yar tsukewa ba ta da illa, amma in ta ninka sau biyu ko uku, kwalta za ta riƙa kankare taya kamar magagari. Idan kuma buɗewa ta haɗu da kishingiɗa mai yawa, duk kankarar a kan siririn gefen ciki za ta sauka.

MISALI DAGA HIROSHIMA

Motar da ta fi dacewa a ba da misali da ita ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa suka fi sani da Miata. An fara nuna ta a bajekolin motoci na birnin Shikago cikin Fabrairu 1989, ana kuma ƙera ta a Hiroshima ta ƙasar Japan. A watan Afrilu na 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Samfurinta na farko yana da inji mai lita 1.6 a gaba, wanda ke tura tayoyin baya, nauyinta kuma bai kai kilo 1,000 ba.

Abin da ya sa masu zuwa fage suka rungume ta shi ne tsarin ƙafarta. A samfurin farko da na biyu kowace taya na rataye ne da hannaye biyu masu siffar harafin A, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A gindin hannun ƙasa akwai wasu notuna na musamman waɗanda in an murza su sukan tura hannun ciki ko waje. Da sifana kawai ana iya saita dukkan kusurwoyin, gaba da baya, ba sai an sayi wani ƙarin kaya ba.

Saitin da masana'anta ta ba samfurin farko na titi ne zalla. Tayoyin gaba kusan a tsaye suke, na baya sun kishingiɗa ciki da ƙasa da digiri ɗaya, kasta wajen digiri huɗu da rabi, tsukewa kuma wajen milimita 3. Wanda ya kai ta fage a haka ya matsa mata, kafin yamma zai tarar kafaɗun waje na tayoyin gaba sun suɗe, motar kuma tana ƙin shan kwana, tana neman miƙewa.

Saboda haka masu zuwa fage 'yan lokuta a shekara sukan bi hanyar sulhu. Yawanci sukan tsayar da kishingiɗa tsakanin digiri 1.5 da 2, su ɗaga kasta gwargwadon abin da notuna suka bari muddin ba ta rage kishingiɗar ba, su bar tayoyin gaba ba tsukewa ba buɗewa, na baya kuma su tsuke su da milimita ɗaya ko biyu. Hikimar a nan ita ce an karɓi kishingiɗa domin fage, an kuma kawar da kankara domin titi. Cin da fage ke yi wa kafaɗar waje da wanda titi ke yi wa ta ciki sai su yi kusan daidai, taya ta ƙare baki ɗaya.

Ba kowace mota ce ke da wannan sauƙi ba. Yawancin motoci, har da gaban Porsche 911 na shekaru masu yawa da na BMW M3, suna amfani da tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, inda shakazoba da sifirin suka haɗu suka zama ginshiƙi ɗaya. Wannan tsari bai cika ƙara wa taya kishingiɗa ba in jikin mota ya rinjaya, don haka yakan bukaci fiye tun daga tsaye. Wasu sukan sa faranti mai zamewa a saman ginshiƙin, su ƙara kishingiɗa in sun isa fage, su mayar da ita in za su koma gida. Sai dai duk wanda ya taɓa kishingiɗa ya taɓa tsukewa, ko ya sani ko bai sani ba, tilas ne ya auna su tare.

TAYA CE KE BA DA SHAIDA

Babu lambar da ta dace da kowa, domin nauyin direba, da irin tayar da aka sa, da tsayin mota daga ƙasa, da fagen kansa, duk suna da ta cewa. Tayar da ta fi danƙo takan sa jikin mota ya fi rinjaya, saboda haka takan nemi ƙarin kishingiɗa. Shi ya sa masu tsere ke tambayar taya da kanta.

Da zarar mota ta fito daga fage, kafin ta huce, akan soka ma'aunin zafi mai tsini a wurare uku a fuskar kowace taya, wato gefen ciki, da tsakiya, da gefen waje. Abin da ake nema shi ne ciki ya ɗara waje da kaɗan, kamar digiri 5 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas, tsakiya kuma ta faɗo tsakaninsu. Idan waje ya fi zafi, kishingiɗa ta yi kaɗan. Idan ciki ya yi wa waje fintinkau, ta yi yawa. Idan tsakiya ta fi gefuna biyu zafi, iska ta yi yawa, in kuma ta fi su sanyi, iska ta gaza. Mai hankali yakan rubuta waɗannan lambobi a littafi, ya kuma sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, don ya san abin da ya kawo bambanci.

WAJEN MAI SAITI

Saitin kirki yana da tsari. Da farko akan duba gaɓoɓin ƙafa da robobinsu da sandunan sitiyari, domin ƙafar da ke girgiɗi ba ta riƙe saiti. Sa'an nan a daidaita iskar tayoyi, a tabbatar da tsayin mota, tun da sauke ta ko ɗaga ta na sauya dukkan kusurwoyin. A ƙaramar mota mara nauyi akan ɗora nauyin da ya yi daidai da na direba a kujerarsa, da mai kamar rabin tanki. Akan fara da tayoyin baya, domin su ne ke nuna inda mota ta dosa. In sun karkace, mota za ta riƙa tafiya a gicciye kamar kare. Daga nan a koma gaba, a yi kasta, a yi kamba, tsukewa kuwa ita ce ta ƙarshe.

Manyan garejoji a yau suna amfani da na'urori masu kyamara da kwamfuta, amma har yanzu ƙungiyoyin tsere da yawa suna auna tsukewa da zare biyu da aka ɗaure a gefunan mota da kuma rula. Na'ura ba ta fi mai riƙe da ita ba. Allon kwamfuta yakan nuna kore muddin lamba ta faɗa cikin tazarar da masana'anta ta yarda, tazarar kuwa tana da faɗi, har hagu da dama su bambanta ƙwarai duk suna cikin kore. Mai mota ya kamata ya zo da lambobin da yake so a rubuce, ya kuma karɓi takardar awo ta kafin aiki da ta bayansa.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Maganar ba ta tsaya ga kuɗin taya ba, ko da yake tayoyin irin waɗannan motoci suna da tsada. Gefen ciki na taya a ɓoye yake a ƙarƙashin mota. Mutum zai duba daga waje ya ga zane raɗau, alhali ciki ya yi sanƙo har wayoyi sun fito. Irin wannan taya ita ce ke zamewa a kan ruwa, ita ce kuma ke fashewa ana tsakiyar gudu a babbar hanya. A Ingila da Jamus doka ta hana hawa titi da tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, amma doka ba ta leƙa ƙarƙashin mota a madadin mai ita.

Wannan darasi ya shafi ma'aikacin da bai taɓa ganin fagen tsere ba. Kusurwoyin nan uku suna nan a jikin Peugeot da Toyota da ke bin hanyoyin ƙasar nan, rami ɗaya da aka faɗa da gudu ko gefen kwalbati da aka buga kuwa ya isa ya goce su. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A murza sitiyari har ƙarshe, a shafa fuskar taya da tafin hannu daga waje zuwa ciki, a dawo. Idan an ji kaifi ta fuska ɗaya kamar haƙoran zarto, tsukewa ko buɗewa ta ɓaci. Idan gefe ɗaya ya suɗe sumul, a tuhumi kamba. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa, idan kuma gefuna biyu ne, ta yi kaɗan.

Ga mai motar da ke raba rayuwarta tsakanin ofis da fage kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya ƙidaya da gaskiya kwana nawa yake yi a kowanne cikin shekara, ya saita ƙafa bisa wannan lissafi. Wanda ke zuwa fage sau uku a shekara amma ya kwaikwayi lambobin motar tsere, zai yi sauran kwana 362 yana biyan kuɗin abin da bai amfana da shi ba, da tayarsa da kuma lafiyar waɗanda ke kan hanya tare da shi.